Ƴan tseren hamada a bakin rijiya

Yara, ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Bari in ba ku labarin wata tafiya da na yi a watan Janairu na shekarar 1997.

A lokacin ina ƙaramin malami, shekarata uku da fara riƙe alli. Ina koyarwa a wata makaranta a Agadas, irin wadda ake fara karatu da Hausa, sannan a shigo da Faransanci sannu a hankali. Irin waɗannan makarantu an soma gwada su a ƙasarmu tun 1973, a Damagaram. Babbar matsalarmu ita ce littattafai. Yara biyar ko shida suke taruwa a kan littafi ɗaya, wasu ma daga ƙasa zuwa sama suke ganin baƙaƙen. Da aka ce an buga sababbi, sai shugaban makarantarmu ya aike ni Yamai in ɗauko rabonmu. Aka ƙirga mini kwali shida, na sa hannu a takarda.

Kwali shida na littattafai ba kayan ƙaramar mota ba ne. Don haka na nemi wuri a wata babbar mota mai ɗauke da buhunan hatsi da sukari da shayi. Mu goma sha ɗaya ne a bisa kaya. Direbanmu dattijo ne mai ƙarancin magana. Yaron motarsa kuwa bakinsa ba ya hutawa. Ya yi makaranta har aji biyar kafin ya bi mota, kuma tun daga tasha ya raɗa mini suna «Mushe mai kwali».

Daga Yamai zuwa Agadas ya fi kilomita 900. Muka bar Yamai ranar Laraba da yamma. Muka wuce Doso, muka kwana Dogondutsi. Washegari taya ta fashe mana sau biyu kafin Birnin Ƙwanni. A Tsarnawa muka bar hanyar Maraɗi, muka miƙi arewa. Muna kan hanya aka ga watan azumi. Sanyin hunturu kuwa, in dare ya yi, sai ka ji kamar ana yanka maka kunnuwa. Ni dai na jingina da kwalayena, na lulluɓe su da rabin bargona, don kada raɓa da ƙura su ɓata su.

Ranar Juma'a muka shiga Tawa, muka tarar gari ya cika da hayaniya. Jirage suna ta sauka a filin jirgi. Jandarmomi sun tsaya a kowace mararraba. Yara suna gudu suna cewa: «Rali ya zo! Rali ya zo!»

To, mene ne rali? Tsere ne na motoci da babura da manyan motoci, amma ba a kan kwalta ba. Cikin rairayi da duwatsu da busassun koramu ake yin sa, kwana da kwanaki. Kowace rana akwai zangonta, ana rubuta lokacin da kowa ya ci. A ƙarshe a tara, wanda lokacinsa ya fi kaɗan shi ya yi nasara. Wanda ya fi suna a duniya shi ne Pari-Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Tiyeri Sabin ya ƙirƙiro shi. A 1977 ya ɓata a hamada bisa babur, yana cikin wani tseren, da ƙyar aka gano shi da rai. Maimakon ya yi rantsuwa ba zai ƙara komawa ba, sai ya ce zai kawo wasu su gani. Ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Pari. Bayan tafiyar kimanin kilomita 10 000, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Tun a wannan karo na farko sun biyo ta Agadas da Yamai. Shi Sabin ya rasu a 1986 a ƙasar Mali, da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi ana cikin tseren.

Na 1997 bai taso daga Pari ba. Daga Dakar ya tashi, ya ratsa Mali, zai taɓa Agadas ya juya ya koma Dakar. A daren nan za su kwana Tawa, da safe su nufi Agadas.

Mu ba mu tsaya kallo ba. Direba ya ce yana da sauƙe a daji, gara mu yi gaba. Muka kwana Abalak. A wurin sahur yaron mota ya dame shi da tambaya, wai in da shi aka ba irin waccan mota, ai da kwana ɗaya zai kai Bilma. Dattijon ya kurɓi shayinsa, ya ce:

«Kai yaro, a Tenere akwai wani icce guda ɗaya tak, babu wani kusa da shi ko ta ina. Duk faɗin hamadar nan, sai da wani direba ya je ya banke shi. Wanda ya san sitiyari ba ya cika baki.»

Gaskiya ya faɗa. A 1973 ne aka kaɓe iccen nan. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, a wurinsa kuma an kafa wani na ƙarfe.

Da hantsi ranar Asabar muka sauka daga kwalta, muka bi wata turba zuwa arewa. Akwai buhu ashirin da za a sauke wa wani ɗan kasuwa a wani zangon Abzinawa. Muka yi ta tangaɗi fiye da awa biyu. Can muka isa wata rijiya. Rijiyoyin yankin nan suna da zurfi ƙwarai, mutum ba ya iya jan wasaki da hannu. Jakuna ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora su su yi nisa, sai wasaki ya fito, a juye a komi. Tantunan mutanen suna gabas da rijiya, kamar tafiyar minti biyar. Tsakanin rijiya da tantuna fili ne shimfiɗaɗɗe, mai tauri, ko icce babu. Ta nan mata da yara suke kai da kawo da jakuna da salkuna.

Ana cikin sauke buhu muka ji ƙugi daga yamma, kamar hadari na tasowa. Sai ga ƙura ta miƙe sama. Kafin mu ce me, babura biyu suka keto filin nan. Mahayan a tsaye suke bisa ƙafafunsu, ba a zaune ba, sun sunkuya kamar masu sukuwar salla. Ba a ganin fuskarsu, sai ƙwalƙwali da tabarau. Bayansu wata mota ja da fari ta biyo. Ta hau wani ɗan tudu, wallahi na ga ƙafafunta huɗu duka sun bar ƙasa, ta dira, ta wuce kamar ba a yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya burge ni. Na hau bisa buhuna ina ihu, ina kaɗa rawani, na manta ni malami ne, na manta ina azumi. Mu da muka kwana uku muna rarrafe, ga mutane suna haɗiye kilomita kamar ana shan fura. Na ce a raina, ashe haka duniya take gudu, mu muna nan.

Amma mutanen rijiya ba su yi ihu ba. Jakunan da ke jan igiya sun firgita, sun fizge, wasaki ya koma ƙasa da ruwansa. Awaki sun watse. Wani tsoho mai baƙin rawani ya tsaya riƙe da sanda, yana kallon sawun tayoyi a tsakiyar filin.

Ba a jima ba wani babur ya iso shi kaɗai, a hankali. Ya tsaya daidai motarmu. Mahayin ya cire ƙwalƙwali. Ashe ba saurayi ba ne, har da furfura a gemunsa. Leɓunansa sun tsage, hannun rigarsa ya yage, da gani ya sha faɗuwa. Ya yi ta cewa: «Agadas? Agadas?» Kowa ya juyo ya dube ni, don ni ne mushe.

Na gaishe shi da Faransanci. Fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwansa. Ya nuna mini kan baburinsa. Akwai wani ɗan akwati mai gilashi, a ciki takarda ce doguwa a naɗe, ana murza ta tana tafiya. A jikinta an zana hanya gaba ɗaya: bayan kilomita kaza ka yi dama, bayan kaza akwai rami, bayan kaza ka bi tsakanin duwatsu biyu. Akwai kuma na'urar da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam tana nuna wa mutum inda yake, wadda aka fara amfani da ita a tseren a 1992. Tasa ta fashe da ya faɗi. Ya ce rijiyar nan ba ta cikin takardarsa sam. Wani na gaba ne ya kuskure mararraba, na bayansa suka bi sawunsa, shi ma ya bi nasu. Haka abin yake a rairayi: in na gaba ya ɓata, sai ya ja jama'a.

Ni kaina ban san hanyar ba. Na iya zana taswirar Nijar a allo da ido rufe, amma a ajiye ni a filin nan, ban san inda zan sa ƙafa ba. Tsohon ya kira wani yaro, jikansa, mai kamar shekara goma sha biyu. Yaron bai taɓa shiga aji ba. Yana jin Tamajak, yana jin Hausa. Ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗora tsakuwa ɗaya.

«Wannan rijiyarmu ce,» in ji shi. Ya ja layi da yatsa. «Ya koma baya har inda ƙasa ta yi ja. A nan turba ta rabu biyu. Ya bi ta bayan tudu. In ya hau ta, ya bar iska tana bugun kuncinsa na hagu, kada ya yarda ta dawo masa ta goshi. Zai ga korama mai itatuwan ƙaya. Kada ya shiga cikinta, rairayinta yana cin ƙafa. Ya bi gefenta har ya ga sawun manyan motoci.»

Ku lura da hikimar yaron nan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ba ta canzawa. Wanda ya fuskanci gabas, dole ta buge shi ta hagu. Abin da nake koya wa ƴan aji shida da kibiya a allo, shi ya san shi da fatar fuskarsa. Na juya maganar da Faransanci, ban rage komi ba. Baturen ya kwafi zanen a bayan hannunsa da biro. Ya dube ni ya ce bai taɓa jin wanda ya iya Faransanci kamata ba tun da ya baro Dakar. Kaina ya yi girma.

Matar tsohon ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ko da yake mu duka bakinmu a rufe yake. Ya shanye. Yana shirin mayar da ƙwalƙwali, sai tsohon ya dafa kan babur, ya yi magana da Hausa, a hankali, yana dubana:

«Malam, ka faɗa masa. Nan ba hanya ba ce, tsakar gidanmu ce. Ƴaƴanmu suna ratsa filin nan tun safe har dare. Jaki ba ya jin birki, yaro ma haka. In ya isa wurin manyansu, ya ce a aiko wanda zai tsaya a mararraba ya mayar da na baya. Ba mu ƙi baƙo ba. Amma a bi ta bayan tudu.»

Baturen ya tambaye ni me tsoho ya ce. Ya riga ya tada inji, idonsa yana kan agogo. Ni kuwa sai na ji nauyi. Na ga kamar in na faɗa, zai ce mutanenmu masu ƙorafi ne. Na ga kamar zan ɓata yabon da ya yi mini yanzu-yanzu. Sai na ce masa:

«Yana yi maka fatan sauka lafiya.»

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi wa tsoho godiya, ya ba yaron wani ɗan ƙunshin biskit, ya juya ya tafi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya koma wurin rijiya da zaton saƙonsa ya tafi.

Yaron mota yana bisa buhu, ya ji komi. Ya sauko ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada a ji:

«Mushe, ni aji biyar na tsaya. Amma maganar baba doguwa ce, taka kuwa gajera.»

Na ce masa ya kula da aikinsa. Amma cikina ya ɗuri ruwa.

Ba a yi minti ashirin ba, wata ƙurar ta taso. A daidai lokacin wata yarinya ƙarama tana tsakiyar fili da jakuna biyu, ɗauke da salkuna. Jakunan suka ji ƙugi suka rabu, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Yarinyar ta tsaya tsakani, ta rasa wanda za ta bi. Uwarta ta ƙwalla ƙara daga bakin tanti. Direban motar ya gan ta, Allah ya taimaka. Ya murɗe sitiyari, motar ta yi gefe tana watsa tsakuwa, ta kewaye ta, ta wuce. Da ƙura ta lafa, muka ga yarinyar a tsaye inda take, ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ni ne ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa.

Tsohon ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi faɗa ba. Ya ce: «Malam, ko bai isa wurin manyan nasu ba tukuna?» A nan na faɗa masa gaskiya, a gaban kowa, cewa ban isar da saƙonsa ba. Ya daɗe yana kallona ta saman rawani. Sannan ya ce: «To, yanzu fa?»

Yaron mota ne ya kawo dabara. Ya ce mutanen nan ba sa tsayawa su saurari kowa, amma suna karatu, tun da ga takarda a gabansu. A rubuta musu. Muka duba ko'ina babu allo, babu faranti, babu komi mai faɗi. Sai kwalayena. Na yi jim, don na sa hannu a kan kwali shida. Na kwance ɗaya, muka juye littattafai hamsin a cikin wani wofin buhun hatsi. Na farke kwalin, na shimfiɗa shi. Da gawayin shayi na rubuta kalmomi biyu na Faransanci, manya-manya: PUITS, wato rijiya, da ENFANTS, wato yara. A ƙasa na rubuta AGADEZ, na ja kibiya mai kauri. Tun da nake rubutu a allo, ban taɓa danna hannu kamar ranar ba.

Direba ya ce ba zai ƙona gazuwal a banza ba, amma ya tada mota ya kai mu har inda ƙasa ta yi ja. Jikan tsohon ya nuna mana mararrabar. Muka ɗaure kwalin a jikin sanduna biyu, muka tokare da duwatsu. Muka jawo ƙaya muka toshe bakin turbar rijiya. Yaron ya karyo reshe ya share sawun tayoyin da suka yi kuskure, har nesa.

Muka zauna a gefe muna jira. Babura uku suka zo. Na farko ya rage gudu, ya dubi kwalin, ya bi kibiya. Sauran suka bi shi. Wata babbar motar tsere mai ƙafa shida ta zo tana girgiza ƙasa, wanda ke zaune kusa da direba ya ɗaga mana babban yatsa. Mota ɗaya ce ta zo da gudun da ba ta ga komi ba, ta bi ta kan ƙayar, ta nufi rijiya. Amma kafin nan an riga an tattara yara da dabbobi a bayan tantuna. Muna nan har la'asar, ina ƙirgawa: goma sha bakwai suka bi ta bayan tudu. A wannan zama ne na kalli tseren da kyau. Na ga yadda mai babur yake jefa nauyinsa baya in ya shiga rairayi mai laushi. Na ga wasu biyu sun tsaya suna sassauta iskar tayoyinsu don kada su nutse. Na ga wani ya tsaya ya ba abokin hamayyarsa esansi. Ba mugaye ba ne. Sauri kawai suke yi, kuma mai sauri ba ya ganin abin da ba a rubuta masa ba.

Ba kowane ƙauye ya yi sa'ar da muka yi ba. A 1988 wata yarinya mai shekara goma ta rasu a Mali, motar tsere ta kaɗe ta. A 2006 yara maza biyu suka rasu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Ranar da na ji labarin nan a rediyo, yarinyar nan mai toshe kunnuwa ce ta faɗo mini a rai. Yau aikina shi ne horar da malamai da ba su shawara. Duk sa'ad da muka zo darasin juya magana daga Hausa zuwa Faransanci, nakan ba su wannan labari, har da abin da yaron mota ya ce mini. Wasu sukan yi dariya. Nakan bar su su gama.

Tseren kansa ya bar ƙasarmu. A 1997 wani ɗan Japan, Kenjiro Shinozuka, ya zo na ɗaya a motoci. A shekarar ce kuma wata Bajamushiya, Yuta Kilainshimit, ta zama mace ta farko da ta ci zango guda, kuma a 2001 ta cinye tseren dukansa. Ƴan mata, ku riƙe wannan. A 2000 ƴan tseren sun iso Yamai, amma saboda barazanar tsaro aka kwashe su da motocinsu a manyan jirage zuwa Libiya. A 2008 aka soke tseren. Daga 2009 aka mai da shi Amurka ta Kudu, a 2020 kuma aka kai shi Saudiyya, ko da yake bai bar sunan Dakar ba. Zuwan da na gani shi ne na ƙarshe da ya yi a Agadas.

Mun sha ruwa a bakin rijiyar nan. Tsohon ya aiko mana da nono da dabino. Da za mu tashi na ciro littafi ɗaya daga buhu na miƙa wa jikansa. Ya juya shi, ya dubi hotunan, ya tambaye ni ko akwai hanyar Ingal a ciki. Na ce babu. Ya ce to, zai riƙe duk da haka.

Ranar Lahadi da hantsi muka hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Ranar hutun ƴan tsere ce, gari ya cika da su, ana ta kwance injuna a filin jirgi. Na leƙa ko zan ga mai furfurar nan, in faɗa masa abin da tsoho ya ce. Ban gan shi ba, kuma ban san sunansa ba, ban riƙe lambar baburinsa ba.

Na sami amalanke na kai kaya makaranta. Shugabanmu ya sa tabarau, ya ɗauko takarda, ya ƙirga.

«Malam, an rubuta kwali shida. Ni kuwa biyar nake gani, da buhu ɗaya.»

Ya kwance buhun, ya ƙirga littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe musu ƙaiƙayin hatsi.

«Arba'in da tara. Ina kwalin, ina kuma na hamsin?»

Na ce: «Ranka ya daɗe, labarin yana da tsawo.»

Ya jawo mini kujera, ya ce ai azumi ake, babu inda za shi kafin magariba.